Tarihin Kantun Gyaɗa: Daga Ayarin Gishiri Zuwa Teburin Mai Tireda



Duk inda Bahaushe ya kafa teburin tireda a ƙasar nan, Agege ce ko Sabon Ibadan, Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri, da wuya ka leƙa robobin da ya jera ka rasa alawar gyaɗa. Wasu kan ce kantun gyaɗa, wasu kantun Gana, maƙwabtanmu Yarbawa kuma suna kiran irin tasu sisi pelebe. Yaro ya miƙa ɗan canjin da ya rage masa, a ɗauko masa yanki ɗaya, ya gatsa ta yi ƙaras, zaƙi ya fara zuwa, gishiri ya biyo baya. Kayan haɗinta ba su wuce gyaɗa da sukari da ɗan gishiri ba, shi ya sa ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Amma kowane ɗaya cikin ukun nan ya sha doguwar tafiya kafin ya iso kaskon uwar gida, kuma wanda ya bi sawunsu zai ci karo da babban ɓangare na tarihin fatauci da noman Arewa. Zai kuma ga abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, wato sana'ar gyaɗa ta cikin gida da ke hannun mata ta girmi dalar gyaɗa, kuma ita ce ta rage bayan dalar ta ɓace.

Kantu sunan gishiri ne

Tun kafin a san kantu a cikin kayan ƙwalam da maƙulashe, kantu sunan curin gishiri ne. A Bilma da Fashi, can cikin hamadar ƙasar Nijar ta yau, mutane kan haƙa ramuka ruwan gishiri ya taru, rana ta ƙafar da shi. Farar ƙwayar da aka tsame mai tsabta ita ce beza, gishirin miya. Ragowar kuma a kwaɓa ta, a cusa a mazubin da aka fafe daga kututturen dabino, a kife ta bushe. Abin da ya fito, dogo mai faɗin gindi da tsukakken kai, shi ne kantu, kuma galibinsa dabbobi ake ba wa su lasa.

Bayan damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, Buzayen Abzin kan haɗa ayarin dubban raƙuma su ratsa hamadar Tenere. Tsakanin Agadas da Bilma kimanin kilomita 600 ne, yawancinsa rairayi ne zalla, ba ciyawa ba inuwa. Sukan tafi da gero, su dawo da gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro Damagaram da Katsina da Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, irin wannan ayari ya bi daga Abzin a ƙarshen shekarar 1850, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851.

Ba gishirin Bilma kaɗai ke kasuwa ba. Akwai mangul daga ƙasar Manga, akwai na Foga daga yamma, akwai na Awe da Keana a jihar Nasarawa ta yanzu. Daga baya na Turawa ya hauro ta kogin Kwara, aka riƙa ce masa kakanda. Amma kantu ne ya bar wa harshe gado. Da aka fara ganin sukari a dunƙule, mai tsini irin na gishirin Bilma, sai aka ce kantun sukari. Da mata suka haɗa riɗi da zuma suka bar shi ya daskare, aka ce kantun riɗi. Abin da duk aka kwaɓa ko aka narkar, ya sandare ya zama curin da sai an fasa, Bahaushe ya ba shi wannan suna. Saboda haka mai sa gishiri a alawar gyaɗa ba baƙon abu ya kawo ba, sunan ma na gishirin ne.

Zaƙi kafin farin sukari

Kakanninmu ba su jira Bature ba kafin su san zaƙi. Suna da zuma, da rake, da takanɗa, da dabino, da garin ɗorawa. Suna dafa 'ya'yan ɗinya su tace, su ci gaba da dafa ruwan har ya yi baƙi ya yi kauri ya zama maɗi, daga irin wannan kuma ake jan alawa. Kalmar alawa daga Larabci take, halawa, abin da ke nuna cewa fasahar dafa zaƙi har ya daskare ta daɗe tana kai-komo tsakaninmu da Arewacin Afirka.

Shi kuwa sukari, tafiyarsa ta fi haka nisa. An fara noman rake a tsibirin Niyu Gini, can gabas da Indunusiya. Mutanen Indiya ne suka gano yadda ake dafa ruwansa har ya zama ƙwaya. Daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka kai shi Masar da Maroko da Andalus. Sunan ma haka ya biyo hanya: sharkara a tsohon harshen Indiya, shakar a Farisanci, sukkar a Larabci, sukari a bakinmu. Barth ya lissafa sukarin Faransa cikin hajar Turai da ya gani a kasuwar Kano, wadda fataken Larabawa ke ratso hamada da ita. Abin da ya yi wata da watanni a bayan raƙumi ba na bakin talaka ba ne. Sai gidan sarauta da na attajirai, sai kuma haɗa magani.

A zamanin Turawa ne mazarƙwaila ta yaɗu, musamman a fadamun ƙasar Zazzau irin su Maƙarfi da kewaye. Doki na zagayawa yana juya injin matsa, ana tura rake, ruwan na zuba, a dafa shi a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Wannan ita ce ta fara sauko da zaƙi mai tauri zuwa inda mai kwabo zai iya saye, kuma har yau akwai tsofaffin da ke cewa kantun da aka yi da mazarƙwaila ya fi na farin sukari ƙamshi.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Da yawa za su yi mamaki in aka ce gyaɗa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina. A ƙasar Peru an tono ragowarta da ta haura shekara 7,000. A 1987 masu binciken kufai suka buɗe kabarin wani basarake a Sipan, nan Peru, suka tarar da sarƙar wuya da aka ƙera da siffar kwanson gyaɗa, rabi zinariya rabi azurfa. Wannan ya isa ya nuna darajar da take da ita a wurinsu.

Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Jiragen da suka sauke gyaɗa da masara da rogo su ne kuma ke kwasar bayi zuwa gonakin rake na Barazil. Watau gyaɗa na shigowa, mutane na fita don su noma wa Turai sukari. Daga baya bayin da aka kai Arewacin Amurka suka tafi da sanin gyaɗa, har ɗaya daga cikin sunayenta a can ya samo asali daga kalmar nguba ta mutanen Kwango. A 1916 masanin noma baƙar fata George Washington Carver ya fitar da ƙasida mai hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa, da alawa a cikinsu.

Abin da ya sa ta yi saurin samun gindin zama a nan shi ne ta tarar da mai kama da ita. Manomanmu sun daɗe suna shuka gujiya, wadda ake kira ƙwaruru a wasu wurare, ita ma 'ya'yanta a cikin ƙasa suke. Sabuwar ba ta bukaci sabon ilimi ba, ga ta da mai, ga ta tana son jigawa mai rairayi, ga harawa ga dabbobi. A Sakkwato da Katsina da ƙasar Nijar har sunan tsohuwar ta gāda, da yawa gujiya suke ce wa gyaɗa. Lokacin da Barth ya zagaya Borno da Adamawa ya tarar ta riga ta zama abincin yau da kullum.

Duk wannan zamani a hannun mata take. Su ke ɓarewa, su soya, su daka, su matse mai, su mulmula tunkuza su toya ƙuli-ƙuli. Su ke kunun gyaɗa da miyarta, su ke sa ta a daƙuwa, daga ƙuli-ƙulinsu mahauta ke samun garin tsire da na kilishi. A ko'ina gyaɗa ta haɗu da rake kuma, sai ka ga mutane sun kai ga dabara iri ɗaya. A Barazil ana yin alawar gyaɗa da rapadura, wadda mazarƙwaila ce sak. A Indiya sunanta chikki. A Masar da Sudan fuliyya ce, tana cikin alawar da ake jerawa a kasuwa lokacin Maulidi.

Jirgin ƙasa da dala

Abin da ya mayar da gyaɗa hajar duniya a Turai ya faru. A 1869 wani Bafaranshe ya ƙirƙiro majarin, man shafa wa burodi mai araha. A farkon shekarun 1900 wani masanin sinadarai na Jamus, Wilhelm Normann, ya gano yadda ake daskarar da man tsirrai, sai masana'antun majarin da na sabulu suka shiga neman man gyaɗa ido rufe.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara ɗaukar kaya sosai a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai, don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Auduga tana da masu saye a gida, masaƙa, da farashin da ya fi na Bature. Gyaɗa kuwa ana shuka ta tare da gero da dawa, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in kasuwa ta ƙi, ko shekara ta yi wuya, ana iya cinye ta. Ba wanda ya taɓa cin auduga. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000, har buhuna suka yi wa tashar jirgin Kano yawa.

Waɗanda suka riƙe wannan ciniki tsofaffin fataken goro ne, masu bin hanyar Gwanja, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, manoma sun yarda da su. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Ankara da Legas kafin ya koma kan gyaɗa. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955.

Dalar da muke alfahari da ita a hoto, wadda kowace ɗaya kan ci buhu wajen 15,000, asalinta jiran jirgi ne. Gyaɗa ta fi ƙarfin taragon da ke akwai, dole a jibge ta a lulluɓe da tamfol har layi ya zo kanta. Daga 1949 hukumar gwamnati ce ke yanke farashi, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta shiga baitulmali da ayyukan gwamnati. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da gyaɗa.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Yayin da maza ke auna buhuna a kan sikeli, wata kasuwar na ci a bayan katanga. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle ke gudanar da cinikin hatsi da mai da abinci daga gida zuwa gida, ba tare da sun taka kasuwa ba. Yara ne ƙafafunsu. Yarinya ta ɗauki faranti da safe, ta dawo da ciniki, uwa ta ware uwar kuɗi, ribar ta shiga adashi, adashi ya zama kwanuka da tasoshin kayan ɗaki.

Alawar gyaɗa ta dace da wannan tsari ƙwarai. Jarinta kaɗan ne, mudun gyaɗa da ɗan sukari. Ba ta bukatar wani kayan aiki da babu shi a madafa. Ba ta lalacewa a yini ɗaya kamar ƙosai ko alala, abin da bai ƙare yau ba gobe a sake fita da shi. Abin da kawai ya tsare ta a da shi ne tsadar zaƙi. Da farin sukari ya wadata, na kwali irin su St. Louis da na buhu, aka kafa masana'antar sukari a Bacita ta jihar Kwara a shekarun 1960, daga baya aka yi ta Numan, sai kayan ƙwalama na sukari suka cika farantan talla da ƙofofin makarantu: alawar madara, gullisuwa, iloka, carbin malam, hanjin ligidi, da kantun gyaɗa.

Sunan kantun Gana ma yana da abin da yake faɗa. Ƙasar ba ta karɓi sunan Gana ba sai a 1957, kafin nan Bahaushe Gwanja ya sani da Kumasi da Ankara. Ke nan sunan bai girmi wannan shekara ba. A can, alawar dakakkiyar gyaɗa da narkakken sukari sananniya ce a kowace tasha, daga kalmar nkate ta mutanen Asante, wato gyaɗa, aka raɗa mata suna. Shekarun da suka biyo baya kuwa na yawan kai-komo ne. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, Hausawa da Yarbawa da yawa da aka haifa a zangunan Gana suka dawo Najeriya. A shekarun 1970 kuma 'yan Gana suka kwararo nan neman aiki lokacin arzikin man fetur, har zuwa korar 1983. Mutum in ya tashi, da abin da hannunsa ya iya yake tashi.

Yadda dala ta ɓace

Abubuwa da dama ne suka haɗu. Farin farkon shekarun 1970 ya ƙone gonakin Arewa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, farashin hukuma bai ƙarfafa manomi ba, masana'antun matsar mai na cikin gida kuma suna shanye abin da ya samu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 filayen dala sun zama wayam, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya.

Sai dai gyaɗar ba ta tafi ko'ina ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin da ke jure kuturta kuma yake nuna da wuri, waɗanda ake kira SAMNUT. Har yau Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi noman gyaɗa a duniya, amma kusan dukkanta a gida ake cinye ta, a mai, a ƙuli-ƙuli, a yaji, a alawa. Watau ta koma inda ta fito, hannun mata da ƙananan masu sarrafawa. Sukarin da ake narka mata kuwa, yawancin ɗanyensa daga Barazil ake shigo da shi a tace a Legas. Bayan shekara wajen 500, gyaɗa da sukarin nahiya ɗaya sun sake haɗuwa a kaskonmu.

Abin da ke faruwa a cikin kasko

Yadda ake yin ta bai sauya sosai ba, kuma kowane mataki da dalilinsa. Ana soya gyaɗa, a gargajiyance cikin yashi mai zafi don wuta ta ratsa ta daidai, a bari ta huce, a murje, a fece ɓawon. Mai son kantun Gana ta ɗan daka ta a turmi sama-sama, kada ta kai ga fitar da mai. Mai son ƙwaya ta bar ta a ɓare biyu. Awon da aka saba shi ne kofi biyu na gyaɗa, kofi ɗaya na sukari, da gishiri kamar rabin ƙaramin cokali.

Kafin a ɗora sukari, a shafa wa tire mai, a shafa wa kwalbar murzawa da wuƙa, domin in aiki ya fara babu lokacin neman komai. Ana zuba sukari a busasshen kasko a kan wuta kaɗan. Yana wuce digiri 160 a ma'aunin Salshiyos zai narke ya fara komawa ruwan zuma. Nan ne gwaninta take. In aka sauke da wuri ba ƙamshi, in aka ƙara minti ɗaya ya yi baƙi ya yi ɗaci. Masu farawa da ɗan ruwa kuma sukan gwada ta hanyar ɗiga shi a ruwan sanyi. In ya dunƙule yana lanƙwasuwa da saura, in ya karye ƙas ya kai, wato wajen digiri 150 ke nan. 'Yan ɗigon lemon tsami da ake sawa suna hana sukarin komawa ƙwaya, shi ya sa alawar ke fitowa garau kamar gilashi.

Gishiri ba ya narkewa a sukarin da babu ruwa a cikinsa. Don haka ake niƙa shi ya yi laushi a cakuɗa da gyaɗar tun farko, ko kuma a yi amfani da gyaɗa mai gishiri, wadda aka jiƙa a ruwan gishiri aka shanya kafin suya. Aikinsa shi ne danne ɗan ɗacin suya da na ƙonannen sukari, sai zaƙi da ƙamshin gyaɗa su fito, kuma alawar ba ta gundurar mai ci. Da an juye gyaɗa a juya da sauri da muciya, a kife a tire, a murza da kwalba, a yanka tun da zafinta. In ta huce, sai dai fasawa.

Zuma da zaƙi da harbi, in ji masu magana. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Ba aikin da ake yi da goyo a baya ko yara a gindin murhu ba ne.

Mu da ke zaune a Kudu muna da ƙarin matsala, wato laima. An ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ma ya ji kunya. Sukarin da aka narkar da gishirin da ke cikinsa duk suna jan danshin iska. Alawar da za ta yi sati tana ƙaras a hunturun Kano, a daminar Legas ko Fatakwal kafin yamma ta fara gumi tana danƙo. Maganinsa shi ne da ta huce a ƙulle ta a leda, a sa a roba mai murfi, kada a bar ta ta kwana a buɗe.

Gyaɗar da ba a sawa

Akwai wani darasi da ya zo daga baya, wanda ya fi duk sauran muhimmanci ga mai sayar wa yara. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi sai aka tarar daga tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. A nan aka gano gubar da ake kira aflatoksin, wadda wani irin funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai danshi. Tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya da zafin sukari ba sa kawar da ita.

Ashe tsintar gyaɗa a faifai da iyayenmu mata ke zama su yi ba ɓata lokaci ba ne. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, ko take da ɗaci, zubarwa ake yi. Jarabar mai sana'a ita ce ta sayi gyaɗa mai araha ta ce ai sukari zai rufe. Zai rufe ɗanɗano, amma ba zai rufe cuta ba, kuma masu cin nan 'ya'yanmu ne da na maƙwabta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da maganin da ake watsawa a gona mai suna Aflasafe don rage wannan guba, amma tsinta da kyakkyawar ajiya suna nan a wuyan mai kasko. A kuma tuna akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, sa'an nan mai ciwon suga ya san wannan ba abincinsa ba ne.

Abin da ya rage a hannunmu

Talla ta gina ɗakunan amare da yawa, ta kuma hana yara mata da yawa zama a aji. Yau ba dole sai da ita ba. Mace na iya yin alawarta ta ƙulla, ta ba masu tireda da masu shago sari, ko ta karɓi odar biki da suna ta WhatsApp, 'yarta na makaranta. Jarin bai fi ƙarfin adashi ɗaya ba, kasuwar kuma ba ta tsaya ga Hausawa ba, domin duk ƙabilar da muke zaune da ita ta san wannan alawa da wani suna nata.

Abin tsoron shi ne yankewar koyo. Yaran da aka haifa a nan sun san sunan kowane biskit da cakulan na kanti, amma da yawa ba su taɓa ganin an narka sukari ba, ba su san bambancin kantu da daƙuwa ba, balle su san raƙuman Bilma ne suka kawo sunan. Dala ta gwamnati da kamfanoni ce, da suka janye ta tafi. Wannan kuwa uwa ce ke miƙa wa 'ya, kuma ranar da aka daina miƙawa ita ma ta tafi. Duk gidan da ke da tsohuwar da ta iya, a sayo mata mudun gyaɗa mai kyau a wannan makon, a tara 'yan mata da samarin gidan su zauna su gani.

Allah Ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu mata, Ya jiƙan magabatanmu.